Ranar da Genzo Ya Mai da Labulen Mijina Tuta

Genzo, ƙanen marigayi mijina, bai taɓa fara ƙaramin abu ba, bai kuma taɓa gama babba ba. Ya yi kiwon kunkuru, suka gudu suka bar shi. Kunkuru fa. Ya buɗe shagon gyaran laima a shekarar da damina ta ƙi zuwa Osaka. Duk da haka idan ya buɗe baki sai ka ɗauka shi ya haƙa teku ya zuba mata gishiri.

Ana gobe zan koma kasuwa bayan makokin mijina Tokuji, ya zo gida ya durƙusa gaban hoton yayansa. Ya kunna turare, ya haɗa hannu, sannan ya miƙa hannun ya ɗauki lemon da na ajiye wa mamaci ya fara ɓarewa.

Ya juyo ya ce mini, "Yaya, zamanin sayar da kifi ya wuce. Yanzu zamanin nuna kifi ne."

Na ce, "Lemon Tokuji ne kake ci."

"Ba zai damu ba, mun saba. Ki saurara. Baƙin nan da ke cika gari, me ya kawo su? Abu biyu. Su ga kifinmu, su sayi 'yan tsanan roba a layin baya. Ni zan haɗa musu biyun a tafiya ɗaya. Da safe kifi, da rana 'yan tsana. Rumfar nan kuwa a wanke ta, a fitar da ƙanƙara, ta zama ofishina."

"Da wane baki za ka yi musu magana?"

"Haba Yaya. Ni da na yi aikin jirgin ruwa?"

Jirgin da yake nufi fito ne mai kai mutane tsibirin da ake hangowa daga bakin gaɓa. A ciki ya sayar da taliya har aka sallame shi.

Da maganar ta tsaya a shirme da na yi dariya na kwanta. Amma ni da Tokuji ba mu haihu ba, rumfar kuma ubansu ne ya kafa ta. Tun kafin turaren jana'iza ya huce Genzo ya bi dattawan layinmu ɗaya bayan ɗaya yana cewa jini ya fi aure, rumfa tasa ce. Wasu suka fara gyaɗa kai. Shugaban layi, Heikichi mai ƙaguwa, ya ce shi ba zai yanke komai ba sai ya ga wanda labule ya amsa wa. Labulen kuwa shi ne shuɗin ƙyallen nan mai tsaga uku da ake ratayawa a bakin rumfa, da sunan Tokuji a farin rubutu. Tun ranar rasuwa aka sauke mini shi na ninke. Rumfar da ba labule a rufe take, ko da an jera kifi har titi.

Da gari ya waye na jera kifina a kan ƙanƙara, na wanke daɓe, na buɗe akwatin da na ajiye labule. Wayam.

Otsuru, tsohuwar da ke sayar da kayan tsami a rumfar da ke kallon tawa, ta leƙo. "Fumie-san, idan labule kike nema, na gan shi ya nufi tashar jirgin ƙasa."

"Shi kaɗai?"

"Da wani wawa a ƙarƙashinsa."

Na bar mata gadin kifi na tafi da takalmin roba a ƙafata.

A bakin tasha na sami Genzo. Ya sa hular kyaftin ɗin jirgi, ya sa farar safar hannu, ya ɗaura labulen mijina a kan doguwar sandar kamun kifi yana kaɗawa. Jama'a na ta wucewa suna kauce masa kamar an zubar da miya a hanya. Ko mutum ɗaya bai tsaya ba. Can gefe kuwa ga wani ayarin baƙi sun fito daga jirgi, Turawa da wasu, sun kusa cika mota. Jagorarsu wata budurwa ce mai 'yar shuɗiyar tuta. Tikitin wani dattijo ya maƙale a ƙofar fita, sai ta soke tutar a hammata ta koma taimakonsa.

Daidai nan Genzo ya hango ni. Ya juya ya kama hanyar kasuwa da sauri. Baƙin suka ɗaga kai, suka ga shuɗin ƙyalle yana tafiya. An riga an gaya musu tun da suka sauka ƙasar nan cewa su bi shuɗiyar tuta kome rintsi. Suka ɗebi jakunkunansu suka rufa masa baya.

Ya waiwaya don ya ga ko na kusa, sai ya ga ayari. Ya tsaya cak. Na ga ƙirjinsa yana kumbura a gaban idona.

"Yaya! Kin gani? Ko talla ban yi ba!"

"Genzo, mutanen nan na wata ne. Ba ni labulena."

"Na wata? To me ya sa suke bina? Ƙwarewa ba ta ɓuya, Yaya."

Ya juya ya yi musu jawabi. Turancinsa bai wuce gaisuwa ba, sauran duk da harshenmu ya yi, sai dai ya ɗaga murya. A ganinsa idan ka yi ihu sosai kowace magana takan zama Turanci. Baƙin suka yi murmushi suka ɗauke shi hoto.

Za a ce me ya hana ni fizge abina. Sandar ta ninka ni tsawo, na ɗaya ke nan. Na biyu, mu 'yan kasuwa ba ma faɗa a gaban baƙo, ko da gida na cin wuta. Sai na bi bayan ayari kamar ni ma na biya kuɗin yawo.

Muna shiga rumfar kasuwa abin da ban zata ba ya faru. Mutanen layinmu rabonsu da ganin labulen nan tun ranar da aka fita da Tokuji. Mai jatan lande na farko ya ɗaga kai ya ga sunan yana tahowa a sama. Ya ajiye wuƙa, ya kwance ƙyallen goshinsa, ya rusuna. Na kusa da shi ma ya yi haka. Haka abin ya bi layi, dama da hagu, manyan mutane masu furfura suna sunkuyar da kai ga sunan mijina.

Genzo kuwa ya ɗaga farar safarsa yana amsawa, yana juya hannu a hankali kamar mai wucewa a buɗaɗɗiyar mota.

Ya kwatsa wa baƙinsa, "Kun gani? Duk yarana ne! Duk ni na koya musu riƙon wuƙa!"

Otsuru ta fito bakin rumfarta. Ita har yau da sunan yarinta take kiransa, ko da yake gashinsa ya fi nata zubewa. "Gen-chan! Ba kai ake gaisarwa ba, na saman kanka ne!"

"Hassada ce, Kaka. Tsaminki ya hau miki kai."

"Ni ko? Da hannuna na wanke maka wando ranar da ka ga kifi mai rai ka kasa riƙe cikinka!"

Ya fassara wa baƙin da hannu cewa tsohuwar tana yi masa kirari. Suka tafa mata.

A rumfar Heikichi ya tsaya don nuna gwaninta. Kowa ya san ba a taɓa kayan mutum sai an saya, amma ya zura hannu cikin baho ya ɗago wata ƙaguwa mai faɗin faranti.

"Ƙaguwa ta san ɗan gida. Ku duba yadda ake riƙe ta."

Ita ma ta nuna masa yadda take riƙe mutum. Ta kama babban yatsansa ta cikin safar, ta matse. Genzo ya yi tsalle da ƙafa ɗaya, ya juya, ya durƙusa, ya miƙe, yana wani kuka siriri. Baƙin suka ɗauka rawar gargajiya ce, wata mata har tana gwada takun. Sandar kuwa tana ta yawo a sama, ta huda fitilar takarda ta mai soye-soye, ta ɗebo jeren busasshen kifi daga igiyar maƙwabci, suka zubo wa wani Bature a kai.

Heikichi bai ko tashi daga kan akwatinsa ba. Ya ce, "Genzo, sayen ta za ka yi, ko ita ce ta saye ka?"

"Heikichi-san, ka ce mata ta sake ni!"

"Ni ban yi aikin jirgin ruwa ba, ban iya yarenta ba."

Sai da ya ga dama ya tashi ya tsoma hannun Genzo cikin ruwa, ƙaguwar ta saki. Ya dubi labulen, ya dube ni, ya cire gaban rigarsa na roba ya miƙa wa matarsa. "Riƙe rumfa. Wannan yawon ni ma zan je, in ga inda zai ƙare."

Genzo ya naɗe yatsa da hankici ya ce wa baƙi da gangan ya yi, don su ga abin da ba a yi.

Gaba kaɗan wani dogon Bature mai jan wuya ya tsaya gaban tankin kifin nan mai hannu takwas. Hoto kawai bawan Allah yake so ya ɗauka, ya nuna shi da yatsa. Kafin ya sauke yatsan Genzo ya sa an kamo dabbar da ranta, an zuba ta a leda da ruwan teku da ƙanƙara, an danƙa masa. Sauran ma duk wanda ya kuskura ya nuna wani abu sai ya ji leda a hannunsa. Wannan ɗanyen kifi, wancan kawa a cikin ɓawonta, wata tsohuwa kan kifi guda da idanunsa. Masu rumfa suna ba da kayan suna kallon labule, suna cewa albarkacin Tokuji. Sunan da mijina ya tara tun yana saurayi, ƙanensa yana rabar da shi a leda.

Mai tankin ya ce, "Gen, da wannan zafin? Ku bar kayan nan sai kun dawo mana."

"A kasuwar nan aka yanke mini cibiya, kai za ka koya mini ƙanƙara?"

Muka fito rana. Zafin Osaka na tsakiyar bazara ba ya jin roƙo. Kafin mu tsallaka babban titi ledoji sun fara ɗiga, muka bar layin ruwa a bayanmu. Wata kyanwa mai guntun kunne ta shiga ayari ba tare da an gayyace ta ba. Genzo yana gaba yana nuna gine-gine yana ba da tarihinsu. Wani bene da aka gina ina da aure ya ce musu fadar sarakunan dā ce.

Na matsa kusa da shi na yi ƙasa da murya. "Kifina na kan ƙanƙara tun safe. Ka ba ni labule in je in buɗe, ka ci gaba da haukanka da hankicinka."

"Ki buɗe me? Ofishina? Yaya, ki koma gida ki huta. Zan riƙa ba ki aikin dafa wa baƙi shayi."

Heikichi na bayanmu yana tafiya da hannu a baya.

A layin 'yan tsana samari masu gashi kore da ruwan hoda suka riƙa buɗe mana hanya suna toshe hanci. 'Yan matan da ke raba takardun talla a bakin shaguna suka ɓoye takardunsu. Genzo ya ce girmamawa ce. Ya zaɓi shagon da ya fi kowanne ƙunci, wanda kwalaye suka hau bango har rufi, hanyar ciki kuwa sai mutum ya karkata. Ya kwantar da sandar a kafaɗa ya kutsa, ayari ya bi shi da ledoji.

Mai shagon wani siririn mutum ne mai tabarau, Shunpei. Mun same shi ya sauko da wani kwali daga can sama, ya ɗora a kan tebur da hannu biyu kamar mai ɗauke da jariri, yana nuna wa wani mai saye. A layin nan kwali ya fi abin da ke ciki daraja. Mutum ya sayi 'yar tsana ya ajiye ta har ya tsufa bai taɓa buɗewa ba, shi ne jin daɗinsa. Ni da ban yi nisa a makaranta ba na san wannan.

Genzo ya ture mai sayen. "Ku matso, baƙina. Kada ku yarda a sayar muku da kaya a rufe. Bari ku ga yadda gwani ke dubawa."

Ya sa farce ya tsaga bakin kwalin. Shunpei ya dafe kai. Genzo ya zaro 'yar tsanar, wata yarinya mai takobin da ya fi ta girma, ya ɗaga ta sama da hannunsa mai ƙarnin ƙaguwa. Ya leƙa idonta.

"Ido tas, babu hazo." Ya danna cikinta da yatsa. "Jiki da ƙarfi." Ya kai ta hanci ya shaƙa, ya ɓata fuska. "Amma fa ba ta yau ba ce. Malam, yaushe aka kawo ta?"

Shunpei ya ƙwala ihu. "Ta fi shekara ashirin a cikin kwalin nan! Iska ba ta taɓa taɓa ta ba!"

"Shekara ashirin? Kuma kake sayar wa mutane? A kasuwarmu da tuni an rufe ka!"

"Fita! Ku fita! Me ke ɗiga a ƙasa? Wayyo, me ke ɗiga?"

Ƙanƙara ce ta gama narkewa. Mai hannu takwas ya ji ruwa ya yi ɗumi, ya ga zaman leda ya ishe shi. Ya zuro hannu ɗaya ta bakin ledar ya naɗe wuyan hannun dogon Bature. Baturen ya yi wata ƙara da ba ta bukatar fassara, ya yi jifa da ledar. Ta fashe a daɓe, ruwan teku ya malale ƙarƙashin kwalaye. Tsohuwa mai kan kifi ta firgita ta saki nata, kyanwa ta shigo ta tsakanin ƙafafu ta ɗauka.

Genzo ya ce, "Kowa ya tsaya! Wannan aikin masunci ne!"

Ya ɗaga sandar a shagon da ko laima ba ta buɗuwa. Bakinta ya soki jeren kwalayen sama, gindinta ya doki na baya. Na ƙasa sun riga sun jiƙe sun yi laushi. Bango guda ya sunkuyo a hankali, cikin ladabi, ya kife a kansa. Da ya tono kansa daga ciki sai ya yi ido huɗu da mai hannu takwas, wanda ya hau kan tebur. Dabbar ta dube shi ta fesa masa tawada a fuska, daga hular kyaftin har haɓa.

Jama'a sun cika ƙofa har titi, kowa ya ɗaga waya. Ta cikinsu budurwar nan mai 'yar tuta ta kutso, gumi ya jiƙa mata riga, da ɗan sanda a bayanta. Tun safe take zaga gari tana neman mutanenta. Ta tsaya gaban Genzo ta rusuna masa, irin rusunawar da ta fi mari zafi.

"Na gode da kula da baƙina, ranka ya daɗe. Motarsu ta tafi ta bar su."

Ta ɗaga tutarta, suka fita ɗaya bayan ɗaya suna ajiye ledoji a gaban Genzo.

Ɗan sandan ya dubi shagon, ya dubi Shunpei da ke zaune a ƙasa rungume da tsagaggen kwali. Ya sunkuya ya zaro labulen daga ƙarƙashin tarkace, ya ware shi ya karanta.

"Kifin Tokuji. Wa ke da wannan rumfar? Da shi zan yi magana."

Na dubi Genzo. Mutumin da ya shafe makonni yana cewa jini ya fi aure. Fararen idanunsa kawai ake gani cikin tawada, suna zagaye shagon suna auna ɓarna. Ya miƙa naɗaɗɗen yatsansa ya nuna ni.

"Tata ce! Matar yayana ce, rumfarta ce. Ni ba ruwana da ita."

Heikichi ya matso daga bakin ƙofa, ya sa hannu a bayan kunne. "Tsufa ya taɓa mini kunne, Genzo. Ta wa ka ce?"

"Ta Yaya Fumie!"

"Labulen fa?"

"Nata ne! Da labulen da rumfar da sunan, duk nata ne! Ni ko sikelin ciki ban sani ba!"

"Yauwa. Yanzu na ji. Ina jin har layin kifi ma sun ji."

Na karɓi labulen da hannu biyu. Na je gaban Shunpei na rusuna har bayana ya amsa, na ba shi haƙuri, tun da sunan gidana ne ya shigo masa shago. Sannan na juya ga ɗan sandan.

"Rumfa tawa ce, labule nawa ne. Da safen nan aka ɗauke shi daga akwatina ban sani ba."

"Wa ya ɗauka?"

Duk wanda ke shagon, har Shunpei, ya juya ya kalli mai hular kyaftin.

"Yaya! Yaya, ki yi musu bayani! Yawon gwaji ne!"

"Kai ne mai Turanci, Genzo. Yi musu da kanka."

Na bar shi ɗan sanda na tambayarsa cikakken sunansa, Shunpei kuma yana miƙa masa tsumma da bokiti.

Da muka koma layi rabin ƙanƙarata ta zama ruwa, amma Otsuru ta roƙo mini wata a maƙwabta, kifin bai lalace ba. Na zura sandar gora cikin labulen na ɗaga hannu zan rataya. Sai na tsaya. Ƙugiyoyin sun fi ƙarfin tsawona. Tun da na auri Tokuji ban taɓa lura ba, don kullum shi ke ratayawa ina ciki ina fasa ƙanƙara. Na tsaya da hannu a sama kamar wawiya, idona ya cika.

Heikichi ya jawo akwatin kifi ya kife shi a gabana, ya riƙe gefensa da ƙafa. Na hau na rataya. Gefe ɗaya a jiƙe yake, da ɗigon tawada kusa da sunan.

Otsuru ta ja baya ta ƙanƙance ido. "Ya karkace hagu."

Na sauko na share fuska da gefen riga.

"Na gani. Gyaran labule kika zo yi, ko kifi za ki saya?"